LOKACI MA JARI NE

Maganar da zan yi ta fi shafar 'yan aji shida, watau mu da muke shirin fita, amma ƙannenmu ma su kasa kunne, gama ranar tana nan tafe gare su.

In ka tambayi 'yan ajinmu abin da suke so su karanta a gaba, da yawa za su ce maka ilimin kasuwanci, ko aikin akanta, ko aikin banki. Wannan ba abin mamaki ba ne. Mu 'ya'yan bakin iyaka ne. Tun muna ƙanana muke jin ana canjin naira da sefa, muna ganin iyayenmu na Sabon Birni da Isa suna kai albasa da wake da dabbobi kasuwar Shinkafi ran Alhamis, ko su tsallaka Maraɗi su saro kaya. Saboda haka burin yaro shi ne ya sami shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, ko Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko ta Bayero a Kano, ya koyo ciniki irin na zamani. To, amma duk ƙofofin nan mabuɗinsu ɗaya ne, shi ne jarrabawar da Hukumar JAMB take shiryawa. An kafa hukumar a 1978, kuma tun daga 2015 da kwamfuta kaɗai ake yin jarrabawar.

Ra'ayina shi ne, abin da ya fi kayar da mu a wannan jarrabawa ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne. Rashin iya tattalin lokaci ne, tun daga watannin shiri har zuwa cikin ɗakin jarrabawa. Ba a littafi na karanta wannan ba, a gidanmu na gani.

Yayana ya zauna jarrabawar a 2025. Duk wanda ya san shi ya san yana da kai, balle a Lissafi, don shi ke koya wa 'yan unguwarmu. Da lokacin sayen fom ya zo, babu kuɗi a hannu, sai Baba ya ja ragon da Inna take kiwo da niyyar sayarwa gab da Babbar Salla, ya kai kasuwa tun bai gama yin ƙiba ba. Da kuɗin aka sayi fom, aka ajiye na mota da na guzuri. Ana gobe jarrabawa ya kama hanyar Goronyo zuwa Sakkwato tun da hantsi, don kowa ya san hanyar nan ba a yarda dare ya riski mutum a kanta.

Da ya komo, sai muka ga ya shiga ɗaki bai ce wa kowa uffan ba. Sai bayan sallar lisha ya gaya mini abin da ya faru. Ya ce da Lissafi ya fara, tun da shi ya fi iyawa. Yana cikin tafiya sai ya tarar da wata tambaya ta gagare shi, shi kuwa ya rantse a ransa sai ya ga bayanta. Ya warware ta, ya sake cin karo da wata, ita ma ya tsaya mata. Da ya ɗaga kai ya dubi agogon da ke jikin kwamfutar, sai ya ga saura minti 20, alhali Ingilishi rabi ya yi, Tattalin Arziki kuwa ko buɗe shi bai yi ba. Daga nan hannunsa ya fara rawa, ya riƙa danna amsa ba tare da ya karanta tambaya ba, har kwamfutar ta rufe da kanta. Da sakamako ya fito, makinsa bai kai 200 ba. Ba shi kaɗai ba ne, domin a wannan shekara ɗalibai kimanin miliyan 1.9 suka zauna, fiye da miliyan 1.3 ba su kai 200 daga cikin 400 ba, kowa da dalilinsa. Amma dalilin yayana dai na san shi. Rago ya tafi, shekara guda ta tafi, kuma ba don bai san amsa ba.

Ni ma a lokacin ban ɗauki darasi ba, sai da kawuna ya kunyata ni. Kawu yana da shagon hatsi, bai yi boko ba, amma yana da wani littafi mai baƙin bango da yake rubuta bashi da ajami, ko mudu ɗaya aka ɗauka sai ya shiga ciki. Wata rana ina taya shi awo, na ce masa ni karatun kasuwanci zan yi a jami'a. Ya dube ni, ya ce, "Madalla, ɗana. To, kawo mini lissafin jiya."

Na ce, "Kawu, ai jiya ban riƙe kuɗin kowa ba."

Ya ce, "Ba kuɗi nake nufi ba. Tun da ka tashi da asuba har ka kwanta, ina ka kai wunin? Allah ya ba ka jari da safe, zuwa dare ya ƙare. Me ka saya da shi?"

Na buɗe baki, na rasa abin faɗi. Ya yi dariya, ya ce wanda bai iya lissafin wuninsa ba, shi ba zai ba shi ajiyar ko tiya ɗaya ta gero ba, ko da ya zo da takardar jami'a.

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Sai na sami wani tsohon littafin rubutu, na yi mako guda ina rubuta duk abin da na yi da awoyin da ya ci. Mako yana da awa 168. Ga abin da na samu: barci awa 49, zaman aji 30, salla da cin abinci da wanka 21, Islamiyya 8, taya Kawu da aikin gida 14, ɗibar ruwa da tafiya makaranta 7. Karatu na kaina, wanda na zauna na buɗe littafi da gaske, awa 5 kacal. In ka tara duka za ka sami 134. Saura 34, watau kusan awa biyar kowace rana, ban san inda suka shiga ba. Da na matsa wa kaina, sai na gano su: teburin mai shayi, gidan kallon ƙwallo, latsa waya a WhatsApp da TikTok, da zaman majalisa ana gardamar abin da ba ya ƙara mana ko maki ɗaya. Ga shi kuwa kullum ni ne mai cewa ba ni da lokacin karatu.

Ashe abin da Kawu yake yi da ajami shi ne tushen ilimin da nake son in je nema. Malaminmu ya taɓa gaya mana cewa wani Ba'italiye mai suna Luca Pacioli ya buga littafi a 1494, inda ya bayyana yadda 'yan kasuwa suke rubuta abin da ya shigo a gefe guda, abin da ya fita a ɗaya gefen, har sai biyun sun daidaita. To, ɗalibin da yake son ya zama akanta, ai ya kamata littafin farko da zai daidaita ya zama na awoyinsa.

Yanzu bari in kawo abubuwan da nake ganin ya kamata mu yi, waɗanda ni da yayana muka ɗauka, tun da tare za mu zauna in Allah ya kai mu.

Na farko, mu san girman abin da ke gabanmu. Mai son ilimin kasuwanci, a yawancin jami'o'i ana bukatar ya ɗauki Ingilishi da Lissafi da Tattalin Arziki, sa'an nan ya ƙara ɗaya, kamar Ilimin Mulki ko na Ciniki. Hukumar tana fitar da manhajar kowane darasi. Ya kamata tun farkon shekara mutum ya samo ta, ya ƙirga babi-babi, ya ƙirga makonnin da suka rage, ya raba. Fataken da, masu zuwa Gwanja sayo goro, ba su tashi haka kawai. Madugu ya san zango nawa ne, ya san inda ruwa yake, ya san watan da ya kamata ayari ya komo kafin damina ta tare hanya. A irin wannan fatauci Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya fara tara dukiyarsa. Mu kuwa sai mu riƙa buɗe littafi duk inda ya faɗa, galibi kuma babin da muka riga muka iya, don shi ne mai daɗin karantawa.

Na biyu, mu duba kalanda da idon basira. A 'yan shekarun nan cikin watan Afrilu ake fara jarrabawar, sa'an nan ta WAEC ta biyo baya a Mayu da Yuni, ta NECO kuma tana bin sawunta. Watau Maris da Afrilu, waɗanda muke ajiye wa karatu, su ne tsakiyar bazara, lokacin da zafin ƙasarmu ba ya barin mutum ya zauna a ɗaki da rana. A 2024 da 2025 azumi ma a cikin Maris ya kama. Saboda haka lokacin karatu na gaske shi ne daga kaka zuwa ƙarshen hunturu, sa'ad da an gama girbi, aikin gona ya yi sauƙi, dare ya yi tsawo, gari kuma da sanyi. Wanda ya bari waɗannan watanni suka wuce shi yana jiran a fara sayar da fom, ya manta da abin da Hausawa suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku, a ba kowane darasi lokacin da ya dace da shi. Ni na lura kaina ya fi ɗaukar abu bayan sallar asuba, don haka awar nan ta Lissafi ce, ba na ba kowa ita. Bayan la'asar, in na taso daga shagon Kawu, sai in yi Tattalin Arziki. Ingilishi da dare, don ko da 'yar fitila ana iya karanta shi. Salloli biyar sun riga sun yanka mana wuni gida-gida, ba sai mun sayi agogo ba. Abin da ya rage shi ne kowane gida a san abin da za a zuba masa. Awa uku a rana, in an riƙe su ba fashi, sun zama awa 21 a mako, fiye da ninki huɗu na abin da nake yi a da, kuma duk daga cikin awoyin nan 34 da suka ɓace na ciro su. Ban rage barci ba, ban daina taya Kawu ba.

Na huɗu, mu bar karatun kwana. Akwai wata al'ada a cikinmu, in jarrabawa ta matso sai a sha shayi mai ƙarfi, ko a ci goro, a kwana ana karatu har asuba, gari ya waye mutum yana alfahari. Ni na gwada, abin da na samu shi ne ciwon kai da gyangyaɗi a aji, bayan kwana uku kuma na nemi karatun na rasa. Wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna tun 1885 cewa abin da mutum ya haddace yana saurin zubewa a kwanakin farko, sai in ana komawa kansa lokaci-lokaci. Amma mu ba sai mun je Jamus ba. Dubi gardi a tsangaya. Ba ya haddace izu goma a dare ɗaya. Kaɗan yake rubutawa a allo, ya biya, ya wanke, sa'an nan kullum yana tilawar na baya. Da yayyafi kogi kan cika. Saboda haka na keɓe ranar Juma'a da yamma don bitar abin da na karanta a mako, ba na taɓa sabon babi a ranar.

Na biyar, shi ne wanda ya kayar da yayana, watau rabon lokaci a cikin ɗakin jarrabawa. Tambayoyi 180 ne a cikin awa biyu: Ingilishi 60, sauran darussa uku kowanne 40. Awa biyu sakan 7,200 ne. In ka raba, kowace tambaya ta sami sakan 40. Wanda ya tsaya wa tambaya ɗaya minti biyar, ya cinye rabon tambayoyi bakwai ke nan, alhali kuwa mai wuyar ba ta fi ta kusa da ita maki ba. Wane ɗan kasuwa ne zai tsaya ciniki da mutum ɗaya mai taurin kai, ya bar bakwai suna tsaye da kuɗi a hannu har kasuwa ta tashi?

Ga yadda muka raba namu: Ingilishi minti 30, Ilimin Mulki 20, Tattalin Arziki 25, Lissafi 35. Jimla 110, saura minti 10 na komawa kan waɗanda aka tsallake. Ban ce dole kowa ya bi wannan ba, kowa ya san inda ƙarfinsa yake. Amma dole mutum ya shiga da rabonsa a ka, in lokacin darasi ya cika ya tashi daga kansa ko bai gama ba. Tambayar da ka karanta sau biyu ba ka ga hanyarta ba, wuce ta, ka komo daga baya. Kada kuma a bar wata ba amsa, tun da ba a rage wa mutum maki don ya yi kuskure.

Wannan kuwa ba ya samuwa sai da gwaji. Duk ranar Asabar ni da yayana muna ɗaukar tsofaffin tambayoyi 180, mu ba ƙanwarmu agogo, in awa biyu ta cika ta ƙwace takardun ko muna roƙo. Ran farko tambaya 118 na kai. Yanzu ina gamawa da ɗan saura. Haka kuma duk wanda ya sami hali ya yi jarrabawar gwaji da hukumar take shiryawa kafin ta gaske, don hannunsa ya saba da kwamfuta. Da yawa daga cikinmu ran jarrabawa ce ranar farko da za su zauna gabanta, su ɓata minti goma suna neman inda ake dannawa, alhali haruffa kaɗan ne: A zuwa D na zaɓen amsa, N na zuwa gaba, P na komawa baya. Wannan gwaji da agogo ba a ƙasarmu kaɗai ake yinsa ba. Manyan makarantun kasuwanci na Amurka da Ingila suna da tasu jarrabawar shiga mai suna GMAT, wadda tun daga 2023 aka mai da ita tambayoyi 64 cikin awa biyu da minti 15. Ko'ina ana so a ga ko mutum zai iya yanke shawara kafin lokaci ya ƙure masa, don aikin kasuwa ke nan.

Na san wani zai ce, kai mai rubutun nan, ka manta a ina muke? Ban manta ba. Na san akwai abokanmu da 'yan bindiga suka tayar da ƙauyukansu, suna zaune gidajen dangi, mutum goma a ɗaki ɗaya, waɗansu ma sun tsallaka Nijar. Na san akwai daren da ba a barci, balle karatu. Na san wutar lantarki baƙuwa ce a wurinmu. Wanda ke cikin irin wannan hali ba zan ɗora masa laifi ba, kuma hakkin hukuma ne ta tsare mana rayukanmu da makarantunmu. Amma a ganina wannan shi ne ma ya sa tattalin lokaci ya fi zama tilas a kanmu. Yaron da ke zaune cikin Kano ko Kaduna, in ya yi wasa da mako guda, yana da malamin darasi da zai cike masa. Mu kuwa ba mu san ranar da za a ce a rufe makaranta ba. Mai jari kaɗan shi ya fi kowa ƙirga kuɗinsa. A watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni, mun sha wahala ƙwarai, ba na fatan a sake. Amma yayana ya ce bai taɓa karatu irin na waɗannan makonni ba. Ashe za mu iya kashe wayar da hannunmu na awa uku, ba sai an kashe mana ba.

Wani kuma zai ce ai komai nufin Allah ne, in da rabo za a ci. Gaskiya ne, rabo na Allah ne. Amma ban taɓa ganin manomin da ya ƙi shuka ran da ruwa ya sauka, ya zauna yana jiran rabo ba. Iyayenmu masu noman fadama a bakin Rima sun san in ranar dashen albasa ta wuce, ta wuce.

Ina da roƙo ga iyayenmu, musamman a kan 'yan'uwanmu mata. Da na nuna wa wata 'yar ajinmu lissafina, dariya ta yi, ta ce ita in ta rubuta nata ba za a sami ko awa biyar da ta ɓace ba, daga daka sai girki, sai wanke-wanke, sai raino. Wannan ba ta da abin da za ta rage sai in an rage mata. Tun da an yarda an saya mata fom, a taimaka a ɗauke mata aikin awa biyu a rana na 'yan watannin nan, mu maza kuma mu karɓi ɗibar ruwa da itace. In ba haka ba, kuɗin fom ɗin asara ne tun ba a shiga ɗaki ba.

Malamanmu kuma, Allah ya saka musu da alheri, ina roƙon a riƙa shirya mana gwaji da agogo ko da sau ɗaya a wata, tambayoyi 180 cikin awa biyu, ko da a kan takarda ne. In ya yiwu a fara tun daga aji biyar, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A ƙarshe, ya ku 'yan'uwana ɗalibai, ba na so ku ɗauki maganata haka nan. Kowa ya nemi tsohon littafi, ya rubuta awoyinsa na mako guda, kada ya yi wa kansa ƙarya, ya tara ya gani. In lissafinsa ya cika 168 ba tare da ɓatattu ba, ya zo ya same ni a aji, zan ba shi haƙuri a gaban kowa. Ni dai nawa littafin duk daren Juma'a nake kai wa Kawu ya duba, kuma har yanzu bai ce zai ba ni ajiyar geron ba. Inna kuwa ta sake ɗaure wani ɗan rago, mun kuma yi mata alkawari wannan sai ya kai Salla.

Nan zan dakata. Allah ya ba mu sa'a, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.